Madafar Zango: Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

Lokacin jarrabawa ya sake ƙaratowa. Yaranmu masu shirin zama BECE da yayyensu masu WASSCE duk sun duƙufa, iyaye kuma tun daga Nima da Madina har Aboabo da zangon Tamale sun shiga sayen littattafan tsofaffin tambayoyi da biyan kuɗin darasin yamma. Wannan duka daidai ne. Sai dai akwai abu guda da ba a cika sa shi cikin lissafi ba, wato tukunya. In ma an tuna da ita, to, tambayar da iyaye mata suka fi yi ita ce: wane abinci ne ke buɗe ƙwaƙwalwa? Amsarmu a gajarce ita ce, babu abincin da zai sa yaron da bai yi karatu ba ya ci jarrabawa. Amma akwai rashin abincin da zai sa wanda ya yi karatun ya zauna gaban takarda kansa na juyawa, abin da ya sani sarai ya ƙi fitowa. Wannan na biyun shi ne a hannunmu, kuma maganinsa ba ya kantin masu kuɗi, yana nan bakin titinmu.

Masana sun ce ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. Ta yaro ma ta fi haka ci. Makamashinta shi ne sukarin da ke yawo cikin jini, wanda jiki ke tatsa daga tuwo da shinkafa da doya da sauransu, kuma ba ta da rumbun da za ta ajiye shi da yawa. Yaron da ya ci tuwo da ƙarfe bakwai na dare, ya tashi ya tafi aji bai sa komai a ciki ba, kafin a fita hutun farko ya yi awa 14 ko fiye bai ci abinci ba. An yi bincike a kan haka a ƙasar Jamaika a shekarun 1980 da 1990, inda aka gwada yara da karin kumallo da kuma babu shi. Abin da aka gano shi ne, yaran da dama can ba su samun isasshen abinci su ne rashin karin kumallo ya fi nakasa wa tunani, kuma su ne suka fi amfana da aka ba su. Wato ke nan ɗan talaka ne ya fi bukatar a kula da cikinsa da safe.

To, yaya safiyar take a gidajenmu? Uwa ta fita tun asuba wajen sana'arta, uba ya kama hanyar kasuwa ko tasha, yaro yana sauri kada tirotiro ya cika. Sai a danƙa masa kuɗi a hannu a ce ya sayi abinci a hanya. Nan ne gizo ke saƙa. Kuɗin da aka bayar don koko da ƙosai sau da yawa a biskit da lemon roba yake ƙarewa, a wajen manyan kuma a katin waya. Wasu iyayen suna sakin jiki da cewa ai gwamnati na ciyarwa. Gaskiya ne an fara shirin ciyar da 'yan makaranta a ƙasar nan a 2005, amma an tsara shi ne don 'yan firamare da ƙananan da ke ƙasa da su, a makarantun gwamnati da aka zaɓa, kuma abinci ne sau ɗaya a rana. Ɗan ƙaramar sakandare mai shirin BECE ba da shi aka yi lissafin ba. Shawararmu ita ce yaro ya ci a gaban idon babba kafin ya fita, ko da tuwon jiya ne aka ɗumama. In hakan ba zai yiwu ba, a yi magana da mai kokon unguwa, a riƙa biyanta a mako, yaro ya je ya karɓa. Yawancinsu ai 'yan'uwanmu ne, ba za su ƙi ba.

Shi kansa kokon sai mun yi masa adalci. Duk faɗin ƙasar nan da sunanmu ake kiransa, kuma ya cancanci sunan. Gero ne da aka jiƙa ya yi tsami, ga citta da kanumfari da barkono, yana ɗumama ciki, ba ya nauyi. Amma koko zalla, in aka cire ruwa da sukarin da aka zuba, abin da ya rage kaɗan ne. Shi ya sa yaron da ya sha shi kaɗai da ƙarfe shida, kafin ƙarfe tara ya fara hamma. Iyayenmu da suka haɗa koko da ƙosai sun san abin da suke yi. Wake yana da sinadarin gina jiki, kuma yana daɗewa kafin ya narke, saboda haka ƙarfin yana shiga jini a hankali maimakon ya zo gaba ɗaya ya wuce. In babu ƙosai a watsa soyayyar gyaɗa cikin kokon, ko a zuba madara. Pinkaso da bofurot suna da daɗi, ba mu musa ba, amma fulawa ce da mai da sukari, ba za su tsaya a matsayin ƙosai ba.

Haka nan waakye, wanda asalinsa shinkafa da wakenmu ne aka dafa da karan dafi, abinci ne na ɗalibi sosai, musamman in aka ɗora masa ƙwai ko kifi ko wagashi maimakon a cika kwanon da taliya da gari. Gari da wake da manja da soyayyar ayaba, shi ma haka. Game da ƙwai kuwa, har yanzu akwai gidajen da ake cewa in yaro ya saba cin ƙwai zai zama ɓarawo. Wannan magana ta tsufa. Dafaffen ƙwai guda da ɗan barkono ya fi kowane biskit da kuɗinsu ya zo ɗaya. Abin lura kawai shi ne yawa. Ranar jarrabawa kada a cika wa yaro ciki da banku ko sakwara har ya kasa numfashi, don barci zai yi ta yi a kan takarda. Kuma kada a ba shi abin da bai saba ci ba wai don ranar ta musamman ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da zai ci ranar, a fara ba shi tun yanzu.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi damunmu, wato 'yan matanmu. Akwai yarinyar da za ka ga tana da ƙoƙari a firamare, amma tana shiga shekara 13 ko 14 sai ta fara ja da baya. Kullum a gajiye, kullum ciwon kai, in ta tashi tsaye jiri ya ɗebe ta, in ta hau bene sai haki. A aji malami ya ce ba ta mai da hankali, a gida a ce lalaci ne ko kuwa samari sun fara ɗauke mata hankali. Daga nan sai ka ji an fara cewa ai karatun ba nata ba ne, gara a nema mata sana'a ko miji. Alhali sau da yawa abin da ke damunta ƙarancin jini ne. Jini shi ke kai iskar da muke shaƙa zuwa ƙwaƙwalwa, kuma ba ya iya wannan aiki sai da sinadarin ƙarfe. Yarinyar da ta fara al'ada tana zubar da wani abu daga cikinsa kowane wata, ga shi kuma jikinta na girma yana neman ƙari. Shi ya sa masana suka ƙiyasta bukatar budurwa mai shekara 14 zuwa 18 a kan miligiram 15 a rana, ta saurayi sa'anta kuwa 11. Amma a gidajenmu wa ake tsame wa nama? Maigida da samari. Yarinyar da ta yi girkin ita ce ke cin ƙarshe.

Ba ƙaramin abu ba ne. Binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙididdiga ta Gana ta yi a 2022 ya nuna kashi 41 cikin 100 na matan ƙasar nan masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, wato mata biyu cikin kowane biyar. Saboda irin wannan ne a 2017 hukumomin lafiya da na ilimi suka fara raba wa 'yan mata ƙwayar ƙarin jini guda ɗaya a mako a makarantu, aka fara da wasu yankuna, sannan aka faɗaɗa a 2019. A lokacin an yi ta raɗe-raɗin wai maganin hana haihuwa ne, har wasu iyaye suka hana 'ya'yansu sha. Ba haka ba ne. Sinadarin ƙarfe ne da folik asid, irin wanda ake ba masu juna biyu a wajen awo. In ana rabawa a makarantar 'yarku, ta sha bayan ta ci abinci, kuma in bayan gidanta ya yi baƙi kada a tsorata, aikin ƙwayar ne. Sai dai yaron da ke da sikila kada a ba shi irin wannan ƙwaya sai da izinin likita. Kuma duk yarinyar da aka ga cikin fatar idonta da tafin hannunta sun yi fari, a kai ta asibiti a auna jinin, don zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki su ma suna shanye jini, kuma waɗannan ba tukunya ce ke maganinsu ba.

Abin da tukunya ke iyawa kuwa yana da yawa. Hanta ita ce kan gaba, ko sau ɗaya a mako, sannan nama da kifi. Jiki ya fi saurin ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke cikin waɗannan. Na cikin wake da gero da daddawa da ganyaye irin su zogale da alayyafo da kontomire yana da wuyar shiga jini, amma akwai dabara. Bitamin C yana buɗe masa hanya. Lemon zaƙi guda bayan an ci waakye, ko yankan abarba ko gwanda ko gwaiba, ko ɗanyen tumatir a cikin barkono, ko matsin lemon tsami a kan kwaɗon zogale, duk suna ƙara yawan abin da jiki zai ɗauka. Shayi kuma akasin haka yake yi. An auna an ga shayin ganye in aka sha shi tare da abinci yana iya rage abin da jiki zai ɗauka da fiye da rabi. Mun san a ƙasar nan duk abin da ke da zafi a kofi sunansa ti, to, muna nufin na ganye, irin su Lipton da ataya. Ba mu ce a daina ba. A dai bar tazarar awa guda tsakaninsa da abinci.

Gishiri ma yana da nasa. Rashin sinadarin aidin shi ke kawo maƙoƙo, kuma tun kafin wuya ya kumbura yana dakushe kaifin ƙwaƙwalwar yaro. Tun 1996 doka ta wajabta a sa aidin cikin gishirin da ake sayarwa don ci a ƙasar nan, amma gishirin tsaba da ake aunawa a buɗe a kasuwa ba kowanne ke da shi ba. A sayi na ƙulli wanda aka rubuta a jikinsa, a ajiye shi a rufe nesa da laima. Sai kifi. Kifin teku mai maiƙo irin su amane da sadin na gwangwani yana da irin man da ake gina ƙwaƙwalwa da shi. Ƙananan busassun kifin nan da ake yi wa laƙabi da 'yan makarantar Keta, waɗanda ake ci har kai da ƙaya, suna cikin mafi araha da mafi amfani a kasuwa. A daka su a zuba cikin miyar kuka ko ayoyo, yaro ba zai ma san ya ci ba.

Akwai kuma abin da ɗalibai ke yi wa kansu da dare. Goro ne ya kawo kakanninmu Gwanja, su suka bi hanyar Salaga da jakuna suna kai shi ƙasar Hausa, saboda haka ba mu ne za mu zage shi ba. Amma goro da Nescafé da ataya da lemon gwangwanin nan da ake cewa na ƙara kuzari, duk abu ɗaya ne ke cikinsu, sinadarin kafeyin. Aikinsa shi ne ya toshe wa mutum jin gajiya, ita kuwa gajiyar tana nan ba ta tafi ba. Bayan kamar awa biyar da sha, rabinsa yana nan cikin jini. Yaron da ya zauna majalisar ataya da ƙarfe tara na dare don ya raba dare yana karatu, ko ya kwanta da ƙarfe biyu barcin kirki ba zai zo ba. Ga shi kuwa a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke jera abin da aka karanta ta adana shi. Matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Mun san da wuya a samu haka ga yaron da ke zuwa boko Litinin zuwa Juma'a, ya je makaranta Asabar da Lahadi, ga aikin gida, amma ko a makonnin jarrabawa a rage masa aike da tallan dare. Sannan iyaye su sa ido a kan abin da ake jefawa cikin wannan lemon gwangwani. A 2017 da 2018 ƙasar nan ta yi ta kuka a kan tiramadol, kuma da yawan yaran da suka faɗa ciki da sunan neman ƙarfin aiki ko na karatu suka fara.

Zuma da dabino da zabibi da iyayenmu ke ba masu hadda abinci ne masu kyau, a ci gaba da bayarwa, ba su dai isa su kaɗai ba. Garin gulukos da ake saye a kantin magani kuwa sukari ne kawai aka sa wa tsada. Ruwan sha ya fi shi amfani. Yaron da ƙishirwa ta kama a ɗakin jarrabawa mai rufin kwano, ciwon kai ne zai fara zuwar masa.

To, yaro dai yaro ne, sai ya nemi zaƙi. In ba a yi masa a gida ba zai saya a waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa cikin abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a rana, wato wajen ƙaramin cokali 12 ga babba. Gwangwanin lemon kwalba guda yana ɗauke da cokali 8 zuwa 9. A 2023 ma gwamnati ta ɗora harajin kashi 20 cikin 100 a kan irin waɗannan abubuwan sha masu zaƙi. Na gida ya fi ta fuska biyu: ke ce ke auna sukarin da hannunki, kuma zaƙin yana zuwa tare da gyaɗa ko aya ko madara, ba shi kaɗai ba. Bari mu shiga madafa. Ma'auninmu gwangwanin madara ne ƙarami, wanda babu gidan da ba shi.

Mu fara da kunun aya mai kauri, wanda maƙwabtanmu ke yi da atadwe, ana ci da cokali. Uwargida ki samu busasshiyar aya gwangwani biyu, ki tsince tsakuwa da ruɓaɓɓu, ki wanke ta sosai, ki jiƙa ta kwana. Ki jiƙa shinkafa rabin gwangwani daban. Da safe ki zubar da ruwan jiƙon, ki haɗa su ki markaɗa da ruwa mai tsabta gwangwani huɗu zuwa biyar. In a nika-nika za a kai, a tabbata an wanke injin, in ba haka ba ƙanshin barkonon wata za ki ci. Ki tace da kyalle mai laushi, ki matse sosai, ki sake tacewa. Sai ki zuba a tukunya ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan. Nan ne aikin yake: ba a barin juyawa, don garin shinkafar yana kwanciya a gindi ya kama, kuma in ya yi gudaji ba ya gyaruwa. Cikin minti goma zuwa sha biyar za ki ga ya yi kauri yana manne wa bayan cokali. Ki ɗanɗana kafin ki sa sukari, don aya da zaƙinta take zuwa, babban cokali biyu ya isa. In kina da dabino ki cire ƙwallon guda shida ki markaɗa tare tun farko, ba sai kin sa sukarin ba. Ki zuba a ƙananan kofuna ya huce, zai daskare kamar kafi. A ci shi a ranar. Aya ba ta jure zafi, in babu firji kafin gobe ta yi tsami.

Dakuwa kuwa, wadda a nan ake kira zowe, ita ce abokiyar mai karatun dare da ɗan makarantar kwana, don ba a sa mata ruwa, saboda haka tana yin mako guda a rufaffen gwangwani. A soya masara a busasshen kasko har ta yi ja, a niƙa ta yi laushi, a tankaɗe. Garin gwangwani biyu, niƙaƙƙiyar gyaɗa gwangwani ɗaya, garin citta ƙaramin cokali, ɗan barkono, ɗan gishiri, sukari babban cokali uku ko huɗu. A zuba a turmi a yi ta kirɓawa har man gyaɗar ya fito ya haɗe garin, sannan a mulmula. In ta ƙi haɗuwa a ƙara gyaɗa, kada a kuskura a sa ruwa. A kan gyaɗar muna da jan kunne. Duk ƙwayar da ta yi fumfuna, ko ta yamutse, ko launinta ya sauya, ko take ɗaci, a zubar da ita. Irin wannan tana ɗauke da gubar da ake kira afalatoksin, mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Shi ya sa muka fi son ki sayi gyaɗarki ki tsince da kanki ki kai niƙa, maimakon niƙaƙƙiyar da ba ki ga abin da aka zuba ba. Masu shirya akwatin ɗan makarantar kwana, bayan gari da shito da sukari da madara, a ƙara dakuwa da ƙuliƙuli da garin Tom Brown, in dokar makarantar ta yarda. Jiƙon gari da gyaɗa da madara abinci ne, jiƙon gari da sukari zalla kuwa cika ciki ne kawai.

Alewar gyaɗa, wadda ake kira nkate kek, ba ta bukatar dogon bayani. Soyayyar gyaɗa gwangwani biyu a murje ɓawon a ɗan farfasa, sukari gwangwani ɗaya a narkar da shi a busasshiyar tukunya har ya yi ruwan zuma, a juye gyaɗar a juya da sauri, a zuba a kan faranti ko katakon da aka shafa wa mai, a murza da kwalba, a yanka tun da zafi. Da riɗi ma haka ake yi, ya zama kantu. Wannan ita ce mai sukari da yawa cikin duk abin da muka kawo, saboda haka yanka ɗaya ko biyu bayan abinci ya wadatar. Kuma a kori ƙananan yara daga madafa lokacin da ake yi, don narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa ƙuna, ga shi yana manne wa fata.

Burkina da yaranmu ke so ma ana iya yin ta a gida, har ta fi ta kwalbar bakin titi, wadda ba ka san awa nawa ta yi a rana ba. Nonon shi ne babba. A tafasa ruwa gwangwani uku, a bar shi ya huce har ƙaramin yatsa zai iya zama ciki a ƙirga goma. A dama garin madara gwangwani ɗaya a ciki, a zuba babban cokali biyu na kindirmo ko yogot marar zaƙi, a rufe, a naɗe da tawul, a ajiye wuri mai ɗumi ya kwana. Kada a motsa shi. Da safe ya kama. In madarar shanu ce aka samo daga rugar Fulani, a tafasa ta tukuna, don ɗanyar madara tana iya ɗauke da cuta. Geron kuma a ɓarza shi, a yayyafa ruwa a murza da hannu ya yi ƙananan ƙwayoyi, a turara ya nuna, a bar shi ya huce, sannan a haɗa. Wanda ba shi da lokacin turara gero ya yanka ayaba ko mangwaro ko gwanda cikin nonon, ya watsa dakakkiyar gyaɗa a kai. Ayaba in ta nuna sosai ta ishe shi zaƙi.

Na ƙarshe shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne ya fi dacewa da zancen jinin da muka yi. Garin 'ya'yan kuka, farin nan mai tsami da ake kawowa daga su Bolga da Bawku, yana cike da bitamin C. A jiƙa gwangwani ɗaya cikin ruwan sanyi gwangwani huɗu na rabin awa, a murje da hannu mai tsabta in da ƙwallaye, a tace. Kada a ɗora shi a wuta, zafi yana kashe bitamin ɗin. A sa ɗan sukari ko zuma, da ɗan garin madara in ana so ya yi kauri. A ƙulla a ƙananan leda a jefa cikin firji ya daskare, ko a roƙi maƙwabciya mai firji ta ajiye. Ranar da aka dafa wake ko miyar zogale, yarinya na gama cin abinci sai a miƙa mata ƙulli guda, shayin kuma ya jira sai bayan awa ɗaya.